Intel, AMD, Apple ko Snapdragon: wace furosesa ce ta cancanci kuɗinka?

Tun watan Satumban 2024, lokacin da jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kamfanin Qualcomm ya tuntuɓi Intel da maganar saye, tambayar masu neman kwamfuta ta sauya salo. A da gardamar ba ta wuce Core i5 ko Core i7. Yanzu har ɗalibin da ya tara kuɗin laftof ɗinsa ta farko da ƙyar yana tambaya ko Intel ɗin nan da ake cewa yana tangal-tangal zai kai labari, ko gara ya koma AMD, ko kuwa ya ƙara haƙuri har kuɗin MacBook su cika. Ga kuma Snapdragon ta Qualcomm, wadda muka saba da ita a cikin waya, ta kutso cikin laftof. Duk wannan gardama a kan furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin kwamfuta.

Tambayar tana da tushe. A shekarar 2024 Intel ya tafka asarar dala biliyan 18.8, ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 15,000, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a watan Disamba, kuma aka cire sunan kamfanin daga Dow Jones, jerin manyan kamfanonin kasuwar hannun jarin Amurka, aka sa Nvidia mai ƙera katin girafik a gurbinsa. Duk da haka, a ganina, batun wa zai sayi wa shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ya kamata su dame ka idan ka tsaya a gaban kanta. Akwai huɗu da suka sha gabansa, kuma a kansu ne mutane ke asarar kuɗi kullum.

Furosesocin nan huɗu gida biyu ne. Intel da AMD suna kan tsarin x86, wanda ya faro daga Intel 8086 ta 1978, kuma kusan duk manhajar Windows da ka sani dominsa aka rubuta ta. Apple da Qualcomm suna kan tsarin Arm, na wani kamfani da ke Kambirij a Ingila, wanda sana'arsa tun asali sayar da lasisin zane ce. Tsarin Arm a waya ya girma, shi ya sa ya ƙware wajen tattalin wuta.

## Abubuwan da za a auna

Manhaja. Kafin ka fita kasuwa, rubuta a takarda duk abin da aikinka ba ya yiwuwa sai da shi: firinta, sikana, na'urar ɗaukar zanen yatsa, manhajar lissafin kuɗi, ta zanen gini. Kwamfutar da ba ta buɗe abin da kake ci da shi, komai saurinta, ba ta da amfani a wurinka.

Wuta da zafi. Masu gwajin kwamfuta a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi, da wutar da ba ta ƙiftawa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, zafin Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, wuta kuma sai an gan ta. Furosesa idan ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Saboda haka mai cin wuta kaɗan takan fi mai ƙarfi amfani a wurinmu.

Farashi. Kasuwa biyu ce, ta sabuwa a kwali da ta tokumbo, kuma wanda ya yi nasara a ɗaya ba lallai ya yi a ɗayar ba.

Ƙarko da gyara. Furosesa ita kanta da wuya ta mutu. Batir ne ke mutuwa, da sikirin, da kibod, da bakin caji. Abin tambaya shi ne ko mai gyaran garinku zai samu kayanta.

Haɗarin makoma. Wannan yana buƙatar dogon bayani, tunda shi ne ya tayar da maganar.

## Cinikin kamfanoni: me zai taɓa ka a ciki?

Cinikin manyan kamfanonin furosesa ya fi rushewa a kan ya tabbata. A watan Maris na 2018 Shugaba Donald Trump ya hana Broadcom sayen Qualcomm a kan dala biliyan 117, da hujjar tsaron ƙasa. Wata huɗu bayan nan, Qualcomm ɗin ma ya haƙura da sayen NXP na ƙasar Holan, domin hukumomin China sun ƙi sa hannu. Nvidia ya sanar a Satumban 2020 cewa zai sayi Arm a kan dala biliyan 40, hukumomin kula da gasar kasuwanci na Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka taso masa, cinikin ya watse a Fabrairun 2022. Intel ya so sayen Tower Semiconductor na Isra'ila a kan dala biliyan 5.4, ya janye a Agustan 2023 bayan ya gaji da jiran amincewar China. Maganar Qualcomm da Intel kuwa ba ta ma kai ga tayin da aka sanar a hukumance ba.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanta da Intel da AMD. Kowannensu yana riƙe da wuyan ɗan'uwansa. Intel ne ya ƙirƙiri x86, AMD ne ya faɗaɗa shi zuwa bit 64 a 2003, Intel ya ɗauka daga baya. Yarjejeniyar musayar lasisin da suka sabunta a 2009, shekarar da Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 don a kashe shari'o'in da ke tsakaninsu, ta tanadi cewa idan mallakar ɗayansu ta koma hannun wani, yarjejeniyar ta faɗi. Ke nan duk wanda ya sayi Intel sai ya koma ya zauna da AMD an yi sabon ciniki.

Abin da ya faru daga bisani zuba jari ne. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na Intel a kan dala biliyan 8.9, SoftBank na Japan ya zuba biliyan 2, a Satumba kuma Nvidia ya sanar da nasa biliyan 5, tare da shirin haɗa furosesar Intel da girafik ɗin Nvidia wuri guda. Gwamnatin da ta sa kuɗinta a kamfani, ban ga alamar za ta zuba ido ya durƙushe ba.

Cinikin da ke wucewa shi ne na babba ya sayi ƙarami mai wata fasaha, kuma kafin tasirinsa ya iso kanta ana daɗewa. AMD ya sayi ATI a 2006, furosesarsa ta farko da ta haɗa girafik a cikinta sai 2011 ta fito. Qualcomm ya sayi Nuvia a 2021, laftof ɗin da suka fito daga wannan ciniki sun shiga kasuwa a 2024. Apple ya sayi P.A. Semi a 2008, furosesarsa ta kwamfuta M1 ba ta zo ba sai 2020. Laftof ɗin da za ka saya bana za ta ci rabin rayuwarta kafin wani cinikin da ake raɗe-raɗinsa yau ya sauya abin da ke kan kanta. Mai fargabar rikicin China da Taiwan ma, sauya kamfani ba zai fisshe shi ba, domin AMD da Apple da Qualcomm duk kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera musu, har Intel mai masana'antun kansa ya kai wasu sababbin furosesocinsa can.

Haɗarin da ke cizo shi ne ranar da mai manhaja ya ce ya daina kula da furosesarka. Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na 8, wato jen na 8, in ban da 'yan ƙalilan. Apple ma ya sanar a Yunin 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga Mac masu furosesar Intel.

## Intel

A kasuwar tokumbo Intel ba shi da abokin karawa. Ma'aikatu a Turai da Amurka sun shafe shekaru suna sayen HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad masu Intel da dubbai, bayan 'yan shekaru su sauya. Su ne ke sauka a Computer Village na Ikeja, su hauro Banex a Abuja da Farm Centre da titin Beirut a Kano. Yawansu ne ya sa suke da araha, shi ne kuma ya sa kowane mai gyara yake da mushen irinsu a ƙarƙashin tebur da zai ciro maka sikirin ko kibod. Ta fuskar manhaja babu abin faɗa, komai yana buɗewa.

Sai dai a nan ne aka fi cutar mutane, kuma abin yana ci mini rai. A ce maka Core i7 ce ba a faɗi zubinta ba, tamkar a ce maka mota Corolla ce ba a faɗi shekara ba. Kada ka tsaya a sitikar da ke manne kusa da kibod. Sa a kunna kwamfutar, ka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, ka shiga shafin Performance, cikakken sunan furosesar zai fito daga sama. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, abin da 'yan kasuwa ke kira jen. Misali i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013, ƙwayoyin aiki biyu gare ta, wato sassan da ke raba aikin a tsakaninsu. Ita kuwa i5-8250U zubi na 8 ce, ta 2017, ƙwayoyinta huɗu, ta fi waccan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa: i5-1135G7 na 11, i5-1235U na 12. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 yawancinsu na 8 ne, amma akwai masu na 7 a cikinsu da gangar jiki iri ɗaya, don haka sunan ƙira kaɗai bai isa ba.

Wannan tsalle daga ƙwaya biyu zuwa huɗu a 2017 ya faru, shekarar da AMD ya fito da Ryzen. Kafin nan Intel ya yi shekaru yana ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowane zubi, domin babu mai matsa masa. Shi ya sa ba na fatan wani ya haɗiye wani a cikinsu.

Harafin ƙarshe kuma shi ke faɗa maka labarin wuta. U mai tattali ce, wajen wat 15. H wajen wat 45 take ci, HX ta zarce haka. Masu H da HX na zubi na 12 zuwa 14 suna da ƙarfi sosai, amma fanka ba ta hutawa, batir kuma ba ya jimawa. A sababbi, Core Ultra 200V da ta fito a Satumban 2024 ta gyara matsalar batir ƙwarai, sai dai ram ɗinta a haɗe yake da furosesar, 16GB ko 32GB, yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Ka kuma kiyayi sabuwar laftof mai ƙyalli da Celeron N4020 da ram 4GB. Tokumbo mai i5 ta zubi na 8 ta fi ta ta kowace fuska.

A kwamfutar tebur akwai tabon da ya kamata a sani. Furosesocin zubi na 13 da na 14 masu ƙarfi sun riƙa lalacewa a hankali saboda wutar da ta wuce kima. Intel ya amsa laifin a 2024, ya fitar da gyara ta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wadda ta riga ta lahanta ba ta dawowa. Garantin kuwa ga mai saye a Kaduna ko Zinder kusan suna ne kawai. Ban ba ka shawarar sayen i7 ko i9 ta hannu daga waɗannan zubi biyu ba.

## AMD

Har yanzu akwai masu cewa AMD zafi take yi, kuma sun taɓa yin gaskiya. Furosesocin A4 da A6 da A9 da E2 na shekarun baya sun yi nauyin jiki, sun cika zafi, kuma har yau suna yawo a kasuwa. Su kam ka bar su inda ka gan su. A 2015 hannun jarin AMD ya faɗi ƙasa da dala 2, ana ta hasashen wa zai saye shi. Lisa Su, wadda ta karɓi ragamar kamfanin a Oktoban 2014, ta jingina komai a kan sabon zane mai suna Zen, Ryzen ta fito a Maris na 2017, kuma a 2022 darajar AMD a kasuwar hannun jari ta haura ta Intel. Wanda ya guji AMD a wancan lokaci don tsoron zai rushe, hasashensa bai ci ba.

A laftof, Ryzen 4000 ta 2020 ce ta juya lamarin: ƙwayoyi har takwas a wat 15. Daga nan zuwa sama, Ryzen tana ba da ƙarfi mai yawa a kuɗi kaɗan, tana buɗe duk abin da Intel ke buɗewa, kuma girafik ɗin da ke cikinta, musamman Radeon 680M da 780M, yana ɗaukar wasannin gem da zane matsakaici ba tare da katin girafik na daban ba. A tokumbo ka nemi EliteBook 845, ProBook 445 ko ThinkPad T14 mai Ryzen. Ba su kai na Intel yawa ba, kuma idan madabod, babban allon cikin kwamfutar, ya ƙone samun wani yakan ɗauki lokaci, amma sikirin da kibod da batir galibi iri ɗaya ne da na 'yan'uwansu masu Intel. Tsohon baƙin jinin nan yana sa a sayar da su ƙasa da darajarsu. Riba ce gare ka ranar saye, asara ce ranar da za ka sayar.

Shi ma AMD yana da nasa wayon wajen suna. A jerin 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke nuna ainihin zanen. Ryzen 5 7520U, duk da 7 ɗin da ke gaba, Zen 2 ce a ciki, zanen 2019. Ryzen 7 7840U kuwa Zen 4 ce. Don Windows 11, ka fara daga jerin 3000, domin wasu na 2000 na laftof ba su shiga jerin Microsoft ba.

A kwamfutar tebur AMD ya fi kyautata wa mai ƙaramin ƙarfi. Soket ɗin AM4, wato gurbin da ake dasa furosesa a madabod, ya fito a 2016, kuma an yi ta fitar masa da sababbin furosesoci har bayan shekara bakwai, alhali Intel kan sauya nasa bayan zubi biyu ko uku. Madabod ɗaya, ka cire tsohuwar furosesa ka dasa sabuwa. AM5 da ya gaje shi a 2022 an yi alƙawarin kula da shi har 2027 ko fiye.

## Apple M

M1 ta fito a Nuwamban 2020, MacBook Air mai ɗauke da ita a kan dala 999, kuma ita ce ta tilasta wa sauran ukun su ɗauki batun batir da gaske. Apple ya ce tana kai awa 18 a kallon bidiyo. A aikin yau da kullum, wuni guda ba tare da caja ba abu ne da aka saba gani. Air ba ta da fanka sam, don haka ba ta shaƙar ƙura. Amma Apple da kansa ya ƙayyade mata yanayin aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, kuma idan ka ɗora mata dogon aikin bidiyo a ɗaki mai zafi za ta rage gudu. Mai irin wannan aiki MacBook Pro mai fanka ta fi dacewa da shi.

Matsalarta ta farko manhaja ce. Word da Excel da Photoshop da AutoCAD da SPSS duk suna da na Mac. Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro kuwa na Windows ne kaɗai, kuma ba a iya ɗora Windows kai tsaye a kan M kamar yadda ake yi a tsofaffin Mac, sai ta cikin wata manhaja irin Parallels, wadda ita ma kuɗi ce.

Ta biyu gyara. Ram da ma'ajiya duk a manne suke, ba a ƙarawa. Har zuwa Oktoban 2024 mafi arahar Air da ram 8GB take zuwa, su ne kuma suka fi yawa a tokumbo. Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a Afirka, sikirin ɗinta yana da tsadar gaske, masu iya aikin madabod ɗinta kuma a manyan birane kawai ake samunsu. Gangar jikin tana da ƙarko, tana kuma riƙe darajarta ranar sayarwa fiye da duk sauran.

Sayen Mac ta hannu ba tare da bincike ba sayen kifi ne a ruwa. Sa mai ita ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, ya haɗa ta da intanet, ku bi matakan saitin farko har ƙarshe. Idan ta nemi asusun iCloud na wani, ko ta nuna cewa wani kamfani ke kula da ita daga nesa, ka mayar da kuɗinka aljihu. MacBook masu Intel kuma, musamman na 2016 zuwa 2019 da kibod ɗinsu ke maƙalewa da ɗan ƙura, kwanansu ya ƙare komai arahar da aka yi maka.

## Snapdragon X

Tsofaffin injiniyoyin Apple ne suka kafa Nuvia a 2019, Qualcomm ya saye shi a kan dala biliyan 1.4, daga nan aka samu Snapdragon X Elite, wadda ta shigo a Yunin 2024 cikin Surface Laptop da Lenovo Yoga Slim 7x da HP OmniBook X da makamantansu. Batirinta yana gogayya da na MacBook, ba ta da zafi, kuma Windows ce. Arm ya kai Qualcomm kotu a kan lasisin Nuvia, amma a Disambar 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Delaware suka ce Qualcomm bai saɓa yarjejeniyarsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urorin da ake jonawa. Office da Chrome suna da nau'in Arm, yawancin tsofaffin manhajoji kuma suna tafiya ta hanyar tafinta mai suna Prism. Amma 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta ko sikana ko na'urar zanen yatsa, wato direbanta, ba a fassara ta. Dole mai na'urar ya rubuta ta musamman don Arm, kuma tsohuwar firintar da ke shagonka da wuya a yi mata haka. Wasannin gem da dama ba sa tashi, Linux, madadin Windows na kyauta, ma bai gama zama a kanta ba. A tokumbo ba ta da yawa, kayan gyaranta ba su wadata ba. Furosesa ce mai kyau da ta riga kasuwarmu shiri.

| Ma'auni | Intel | AMD Ryzen | Apple M | Snapdragon X |
|---|---|---|---|---|
| Manhajar Windows | Duka | Duka | Sai ta Parallels | Yawanci, ban da wasu direbobi |
| Batir | Ya danganta da zubi da harafi | Mai kyau daga jerin 4000 | Mafi daɗewa | Dab da na Apple |
| Zafi | U da V da sauƙi, H da HX da yawa | Matsakaici | Kaɗan | Kaɗan |
| Farashin tokumbo | Mafi araha | Araha, amma ba yawa | Tsada | Da wuya a samu |
| Ƙara ram da ma'ajiya | A ƙira da yawa | A ƙira da yawa | Babu | Ram a manne |
| Kayan gyara | Ko'ina | Da dama | Manyan birane, da tsada | Ƙaranci |
| Abin kiyayewa | Ƙasa da zubi na 8. Na 13 da 14 na tebur | Jerin A da E. Wayon suna | Kullen iCloud. 8GB | Firinta da gem |

## Wa ya dace da wace

Ɗalibin da kuɗinsa ƙididdigaggu ne, aikinsa rubutu da bincike da darasi ta intanet, ya nemi tokumbo ta ma'aikatu mai Intel i5 zubi na 8 zuwa na 11, ko Ryzen 5 jerin 4000 ko 5000 idan ya dace da ita. Ya tabbatar tana da ma'ajiya mai sauri ta SSD da ram aƙalla 8GB da gurbin ƙari. Ragowar kuɗin ya sa a sabon batir, zai fi masa amfani a kan ƙarin da zai biya don sitikar i7.

Mai shagon buga takardu, ko cibiyar rajistar JAMB da jarrabawar kwamfuta, ko duk wanda ke jona na'urorin zanen yatsa da firintoci iri-iri, kada ya fita daga Intel da AMD. Idan kwamfutoci da yawa zai saya kuma sola ko janareta ke ɗauke da su, ƙananan na tebur irin Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo Tiny masu furosesar da sunanta ya ƙare da T, wat 35 kacal, za su rage masa kuɗin mai da na batir. Ya sayi ƙira ɗaya, don wadda ta mutu ta zama kayan gyaran sauran.

Injiniya da mai zanen gini da mai aikin taswira, Windows ce tilas. A wurinsu katin girafik na Nvidia da ram 16GB zuwa 32GB sun fi sunan furosesa muhimmanci. Ryzen 7 ko Core i7 mai H, duk wadda ta zo da fanka biyu da farashi mai sauƙi. A riƙa buɗe ta ana share ƙura bayan kowane hunturu.

Mai haɗa bidiyo, na Kannywood ne ko na YouTube, idan yawo yake da kayan aikinsa kuma wuta ba ta da tabbas, MacBook Pro mai M da ram 16GB ko fiye ita ce zaɓina, domin ƙarfinta ba ya raguwa idan an cire caja. Idan a sutudiyo yake zaune, kwamfutar tebur mai Ryzen da katin Nvidia za ta ba shi ƙarfi fiye da haka a kuɗi ɗaya, kuma zai iya ƙara mata kaya sannu a hankali. Ya dai yi lissafin ram da kyau, domin tun ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe shi.

Mai rubuta manhaja da ke son yin ta iPhone ba shi da zaɓi, Xcode da ake rubuta ta da ita a Mac kaɗai take aiki. Wanda ke kan Linux ya riƙe ThinkPad, Intel ko AMD. Mai wasan gem a tebur, Ryzen masu X3D a ƙarshen suna, irin 7800X3D da 9800X3D, su ne kan gaba.

Ɗan jarida ko ma'aikacin ƙungiya da ke kwana a karkara, wanda aikinsa bai wuce rubutu da Excel da taro ta Zoom ba, MacBook Air ce ta fi masa. Idan Windows ya saba da ita, Core Ultra 200V ta fi Snapdragon kwanciyar hankali, tunda tana ba da batir mai kama da nata ba tare da matsalar direba ba. Snapdragon sai ga wanda ya gwada duk manhajojinsa da na'urorinsa a kanta kafin ya biya, kuma yana da hanyar mayar da ita inda aka sayo ta idan ta samu matsala.

Wanda kuma yake da Intel zubi na 6 ko na 7 a hannu tana aiki lafiya, ba sai ya yi gaggawar sayarwa ba. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin kariyar tsaro ga Windows 10 har zuwa Oktoban 2026. Bayan nan, idan aikinsa intanet ne da rubutu, SSD da ƙarin ram da Linux Mint za su ƙara mata shekaru. Idan kuwa harkar banki ko bayanan mutane yake yi a kanta kuma dole sai Windows, ya fara tara kuɗin zubi na 8 ko sama tun yanzu.